Daga Tauraruwa Mai Wutsiya Zuwa Farin 1973: Tarihin Lissafin Taki-Taki

Maƙalar wannan makon tarihin wata dabarar lissafi ce da ake koya wa ɗaliban fiziks a jami'a. Dabarar ita ce, idan matsala ta gagari a warware ta a zama ɗaya da alƙalami, sai a yayyanka lokaci gunduwa-gunduwa, a lissafa abin da zai faru a gunduwar farko, a ɗora ta biyu a kanta, a yi ta tafiya har a kai inda ake so. A nan za mu kira ta lissafin taki-taki. Idan aka miƙa wa na'ura wannan aiki, shi ne ake cewa kwaikwayo a kwamfuta. Mun zaɓe ta ne saboda ita ce tushen hasashen damina da manomi ke ji a rediyo, kuma da ita aka taɓa yin shari'ar ko laifin wa ne farin da ya cinye Sahel.

A 1687 Isaac Newton ya fitar da ƙa'idojin motsi da na jan da abubuwa ke yi wa juna a sararin samaniya. Idan abubuwa biyu ne kawai, kamar rana da duniya, ƙa'idojin suna ba da amsa tsaf. Da zarar na uku ya shigo, kowa yana jan kowa, kowa kuma yana sauya wuri a kowane lokaci, babu wata jimlar lissafi guda da za ta faɗi inda za su kasance. Wannan matsala ta fito fili ne a kan wata tauraruwa mai wutsiya. Edmond Halley, abokin Newton, ya lura cewa wadda aka gani a 1531 da 1607 da 1682 guda ɗaya ce take zagayowa, kuma a 1705 ya ce za ta dawo wajajen 1758. Ya rasu a 1742 bai ga ranar ba. Sai dai tazarar ba daidai take ba: sau ɗaya shekara 76, sau ɗaya 75. Manyan duniyoyin nan biyu, Mushtari da Zuhal, su ke janta suna sauya mata tafiya.

A tsakiyar 1757 mutum uku a birnin Faris suka ɗauki aikin gano ainihin lokacin: Alexis Clairaut, da Joseph Lalande, da wata mata mai suna Nicole-Reine Lepaute, matar wani mai ƙera agogo. Clairaut ya tsara hanyar, sauran biyun suka riƙe lissafin. Sun bi tafiyar tauraruwar ta shekara kusan 150, mataki-mataki, a kowane mataki suna lissafa nisanta da Mushtari da Zuhal da ƙarfin jan kowannensu. Wata shida suna abu ɗaya daga safe har dare. A Nuwambar 1758 Clairaut ya shaida wa Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa cewa tauraruwar za ta makara da kwana 618, wato 518 saboda Mushtari, 100 saboda Zuhal, kuma za ta kai wuri mafi kusa da rana a tsakiyar Afrilun 1759. Ya ƙara da cewa lissafin zai iya saɓawa da wata ɗaya, gaba ko baya. Ranar 25 ga Disamba 1758 wani manomi mai sha'awar taurari kusa da Dresden a Jamus, Johann Palitzsch, ya hango ta, ta kuma kai kusa da rana ranar 13 ga Maris 1759. Saɓanin ya zo daidai gejin da aka faɗa, duk da cewa Uranus da Neptune ba sa cikin lissafin, don ba a gano su ba sai 1781 da 1846.

Mu riƙe abu biyu daga nan. Clairaut ya faɗi amsa, ya kuma faɗi iyakar kuskurenta. Sannan da ya buga littafinsa a 1760 bai saka sunan Lepaute ba, Lalande ne ya bayyana aikinta daga baya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya mayar da dabarar ƙa'ida rubutacciya shi ne Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a Rasha, a littafin da ya fara fitarwa a 1768. Hanyarsa ce darasin farko har yau, kuma za mu iya gwada ta da kofin shayi. A ce shayin yana da zafin digiri 90, ɗakin kuma 30, kuma saurin hucewarsa a kowane minti kashi ɗaya cikin goma ne na tazarar da ke tsakaninsa da ɗakin. Tazarar farko 60 ce, don haka a minti na ɗaya ya rasa 6, ya koma 84. Yanzu tazarar 54 ce, sai ya rasa 5.4, ya koma 78.6. A minti na uku tazarar 48.6 ce, ya rasa 4.86, ya koma 73.74. Wannan matsala tana da sananniyar amsa, wato 74.45, don haka mun kauce da 0.71. Dalili kuwa shi ne mun ɗauka saurin hucewar bai canza ba tsawon minti guda, alhali yana raguwa a kowace daƙiƙa. Idan muka koma takin rabin minti, sau shida, za mu samu 74.11, kuskuren ya sauko 0.34. An raba taki biyu, kuskure ya rabu biyu, aiki ya ninka biyu.

To, a ce mai gaggawa ya ɗauki takin minti 25. Zai cire 150 daga 90, shayi ya koma digiri 60 ƙasa da sifili. Taki na gaba ya cilla shi zuwa 165. Babu kuskuren tarawa ko ɗebewa a ciki, kowane layi daidai ne, amma amsar shirme ce, kuma kullum ƙara lalacewa take. Daga baya Jamusawa biyu, Carl Runge a 1895 da Martin Kutta a 1901, suka inganta hanyar. A tsarin da ya fi shahara ana ɗanɗana saurin canjin sau huɗu a cikin kowane taki kafin a taka, kuma idan aka raba taki biyu kuskure yana raguwa kusan sau 16.

Mutumin da ya fara gwada wannan dabara a kan iska da gajimare shi ne Lewis Fry Richardson na Ingila. A 1904 wani masani ɗan Norway, Vilhelm Bjerknes, ya riga ya ce hasashen yanayi matsalar fiziks ce: a auna halin da iska take ciki yanzu, a bi ƙa'idojin motsi da zafi, a samu na gobe. Richardson ya ce bari a gwada a gani. Shi mabiyin ɗarikar Kweka ne ta Kirista, waɗanda ba sa ɗaukar makami, don haka a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zama direban motar ɗaukar masu rauni a Faransa daga 1916. A lokutan hutu yake lissafin. Ya raba taswirar tsakiyar Turai gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida kimanin kilomita 200, ya kuma raba sama hawa biyar. Ya ɗauki awon da aka yi da balan-balan da safiyar 20 ga Mayu 1910, ya nemi sanin yadda yanayin zai kasance bayan awa shida. Kwana ɗaya kafin wannan rana ne duniya ta ratsa wutsiyar tauraruwar Halley ɗin nan, a zuwanta na biyu bayan na 1759. Rubutun nasa ya taɓa ɓata a rikicin yaƙi a 1917, sai bayan watanni aka tsince shi ƙarƙashin tulin gawayi.

Aikin ya ci masa aƙalla mako shida, amsar kuma ta fito ba daɗi. Lissafin ya ce matsin iska zai tashi da miliba 145 cikin awa shida. Matsin iska a bakin teku yana wajajen 1013 ne, guguwa mai ƙarfi ma gomomi kaɗan take sauke shi a yini. A ranar da ake magana kuwa kusan bai motsa ba. Duk da haka Richardson ya buga littafinsa a 1922 da wannan lamba a ciki, tare da teburan lissafin duka, yadda duk mai so zai bi sawunsa ya ga inda aka kauce. A ciki ne ya ƙiyasta cewa sai an tara masu lissafi 64,000 a babban zaure ɗaya, kowa da yankinsa na taswira, kafin lissafi ya riƙa tsere da yanayin duniya.

Saboda ya bar komai a fili, an iya gano matsalar. Shekaru da dama bayan haka masanin yanayi Peter Lynch na ƙasar Ailan ya maimaita lissafin a kwamfuta, ya samu lamba kusan iri ɗaya, wato hannun Richardson bai yi kuskure ba. Ciwon yana cikin awon farko. Iska tana da ƙananan kaɗawa masu sauri da ke hawa suna sauka, kuma awon gudun iska da na matsinta ba su dace da juna ba. Kamar mutum ne ya ga igiyar ruwa tana tasowa a tafki na daƙiƙa ɗaya, ya ninka wannan tashin har awa shida, ya ce gari zai nutse. Da Lynch ya tace awon ya kawar da kaɗawar, canjin ya koma ƙasa da miliba ɗaya. Akwai kuma tarko na biyu da Richardson zai faɗa da ya ci gaba. A 1928 masana uku a Göttingen, Courant da Friedrichs da Lewy, suka nuna cewa tsawon taki bai kamata ya wuce lokacin da motsi mafi sauri ke ɗauka ya ƙetare gida ɗaya na taswirar ba. Takin awa shida a gidan kilomita 200 daidai yake da takin minti 25 a kofin shayinmu.

Masu lissafi 64,000 ba su taɓa taruwa ba. Abin da ya zo shi ne ENIAC, na'urar da aka gina a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka don lissafin harba igwa, aka nuna wa duniya a 1946. Nauyinta ya kai tan 30, tana da ƙwayayen gilashi masu kama da ƙwan lantarki kusan 18,000. Mata shida ne suka fara tsara mata aiki ta hanyar jona wayoyi da murɗa makunnai: Kay McNulty, Betty Jennings, Betty Snyder, Marlyn Wescoff, Fran Bilas da Ruth Lichterman. A Maris 1950 wata tawaga ƙarƙashin Jule Charney da John von Neumann ta ɗora mata hasashen yanayi. Charney ya sauƙaƙa jimlolin lissafin yadda kaɗawar nan masu sauri ba za su shigo ba sam. Suka yi hasashe huɗu na awa 24 a kan Arewacin Amurka. Kowanne ya ci kusan awa 24, yawancin lokacin wajen jigilar katuna masu huji, amma sakamakon ya yi kama da gaskiya. Charney ya aika wa Richardson, dattijon ya amsa da yabo, ya rasu a 1953.

A Los Alamos, wurin da aka ƙera bam ɗin nukiliya, wata dabara ta biyu ta ɓullo. A 1946 Stanislaw Ulam yana jinya yana buga karta shi kaɗai, sai ya ga cewa maimakon ya lissafa yiwuwar cin wasan, ya fi sauƙi ya buga sau ɗari ya ƙirga. Aka sa wa hanyar suna Monte Carlo, garin da ya shahara da gidan caca. Za mu iya ganinta da gero: a zana da'ira cif a cikin murabba'i, a watsa ƙwayoyi ba zaɓi, a ƙirga waɗanda suka faɗa cikin da'irar. Za su kai wajen kashi 78 ko 79 cikin ɗari, idan aka ninka da huɗu a samu kusan 3.14. Tsadarta ita ce, kafin kuskure ya ragu sau goma sai an ƙara ƙwayoyi sau ɗari. Klara von Neumann ce ta tsara wa ENIAC irin wannan lissafi a 1948, don bin tafiyar ƙwayoyin da ke tayar da bam. Richardson, wanda ya ajiye aikinsa a hukumar yanayi ta Ingila a 1920 don an mayar da ita ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da sojan sama, da masu ƙera makamin da ya fi kowanne ɓarna, duk a rijiya ɗaya suka sha.

A can ne kuma, a 1953, aka fara amfani da kwamfuta a matsayin ɗakin gwaji. Enrico Fermi da John Pasta da Ulam suka kwaikwayi wata tsirkiya mai ƙwallaye jere da sifirin a tsakaninsu, suna tsammanin idan aka kaɗa ta ƙarfin zai watsu ko'ina ya daidaita. Ya fara watsuwa, sai kuma ya tattaro ya koma kusan yadda ya fara, abin da babu wanda ya zata. Mary Tsingou ce ta rubuta umarnin na'urar. Rahoton 1955 ya yi mata godiya a layi ɗaya, gwajin kuma ya yi shekara fiye da hamsin da sunayen maza uku, sai bayan wata maƙala ta 2008 aka soma haɗawa da nata.

Iyakar dabarar ta bayyana a 1961. Edward Lorenz na jami'ar MIT yana kwaikwayon yanayi da jimloli 12 a wata ƙaramar kwamfuta. Ya so ya maimaita wani sashe, sai ya shigar da lambar da ke kan takarda, 0.506, alhali a cikin na'urar 0.506127 ce. Bambancin bai kai ɗaya cikin dubu ba, amma bayan kimanin wata biyu na yanayin kwaikwayon, sabon sakamako ya rabu da tsohon kwata-kwata. Na'urar lafiyarta ƙalau, haka yanayi yake: ƙaramin saɓani a farko yana ninkuwa har ya cinye komai. Shi ya sa hasashen rana-rana ba ya wuce kamar mako biyu. Shi ya sa kuma manyan cibiyoyi a yau suke maimaita lissafi sau da yawa, ta Turai kamar sau 50, kowanne da ɗan sauyi a awon farko, su ƙirga nawa suka ba da ruwa. Daga nan ake samo "kashi 70 cikin ɗari".

Nan ne labarin ya iso ƙofarmu. Bayan farin da ya addabi Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974, Charney ɗin nan na ENIAC ya kawo wani bayani a 1975. Ya ce idan ciyayi suka ƙare, ƙasa tana yin fari, tana mayar da hasken rana sama, iskar da ke kanta ta huce ta sauko, hadari ya kasa haɗuwa, ciyayi su ƙara mutuwa. An gwada a kwamfuta: aka ɗaga yawan hasken da ƙasa ke mayarwa daga kashi 14 zuwa 35 cikin ɗari, ruwan damina ya ragu da kusan kashi 40. Mutane da yawa suka karanta wannan a matsayin hujjar cewa makiyaya da manoma da masu sare itace su suka jawo wa kansu fari. Amma kwaikwayon ya amsa tambayar da aka yi masa ne kawai, wato me zai faru idan ƙasa ta yi wannan irin farin. Bai ce haka ta yi ba, kuma awon da aka yi daga baya ya nuna canjin bai kai haka ba. A 1986 Folland da Palmer da Parker a Ingila suka danganta farin da sauyin zafin tekuna. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta tarihin zafin saman teku kaɗai, ba tare da sauya ciyayi ba, sai ga shekarun ruwa na 1950 da shekarun fari na 1970 da 1980 sun fito. Lalacewar ƙasa tana ƙara wa fari tsanani, amma babban makunninsa yana teku. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a Nijeriya, da wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke jagoranta, yana dogara sosai da zafin tekun nan.

Shigar dabarar aji ta biyo bayan sauƙin magana da na'ura. A 1957 kamfanin IBM ya fitar da harshen Fortran, wanda ya ba masani damar rubuta lissafi kusan yadda yake a allo. A farkon shekarun 1960 Richard Feynman ya koya wa 'yan ajin farko a Caltech yadda ake bin motsin sifirin da zagayen duniya taki-taki, a tebur, da hannu. Yau ɗalibi yana yin haka da Python. Yakan fara da dutse mai faɗowa, ya wuce lilo, ya kai duniya mai zagaya rana, inda zai ga hanyar Euler tana sa duniyar tana ta nesanta da rana a kowane zagaye, don lissafin yana ƙara mata ƙarfin da babu shi. Malami nagari yakan sa shi ya gwada umarninsa a kan matsalar da aka san amsarta, ya raba taki biyu ya ga ko amsa ta tsaya, ya kuma duba ko abin da fiziks ya ce ba ya ƙaruwa ba ya raguwa ya zauna yadda yake.

Mu da muke son rubuta kimiyya da Hausa muna da rabo a cikin wannan tarihi. Sau da yawa mukan rubuta "bincike ya nuna" ko "kwamfuta ta gano" mu wuce, mai karatu kuma ya ɗauka magana ta ƙare. A labarin farin nan irin wannan jimla ta ɗora wa makiyayi laifin da yawancinsa na teku ne. Kafin mu saka lamba a rubutu, mu nemi sanin me aka zuba wa na'urar, wace tambaya aka yi mata, da kuma gejin kuskuren da masu aikin suka faɗa da bakinsu, kamar watan nan guda na Clairaut. Mu nemi sunan wanda ya yi lissafin, don sau biyu a wannan maƙala mun ga an bar mace a baya. Kalmomin da muka yi amfani da su, irin su taki da gida da kwaikwayo, shawara ce, wanda yake da waɗanda suka fi su dacewa ya kawo mu tattauna.

Wanda ya samu sarari ya ɗauki takarda ya maimaita lissafin shayin da takin kwata na minti, sau 12, yana cire kashi 2.5 cikin ɗari na tazarar a kowane taki. Idan ya bi daidai zai samu wajen 74.28, kuskuren ya koma 0.17. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.